Bayan Fage: Wa Ke Riƙe Da Makullin Tashar?

Duk wanda ya riski zamanin kaset a harkar fim ya san abin da ake kira masta. Shi ne uwar fim, kaset ɗin farko da ake fitowa da shi daga ɗakin tacewa, wanda daga jikinsa ake kwafar sauran. Furodusa kan rungume shi tamkar jaririn da aka haifa yau, ba ya yarda ya kwana a hannun kowa har sai kwali ya fito daga maɗaba'a, an yi ciniki da 'yan kasuwar Bata ko na Ƙofar Wambai a Kano. Dalili a fili yake: in masta ya sulale ya faɗa hannun ɓarayin zaune kafin ranar fitar fim, to an yi wa furodusa sakiyar da ba ruwa. Kafin kaset na gaskiya ya iso Sakkwato, balle ya gangara kasuwar Acida ko ta Goronyo, na jabu ya riga ya zaga gidajen kallo.

Yau babu kaset, faifan CD ma ya bi sahunsa. Amma fa masta bai mutu ba, kama ya sauya. Mastan wannan zamani wasu 'yan haruffa ne da lambobi, wato kalmar sirrin da ake shiga tashar YouTube da ita. Abin mamaki, 'yan fim ɗin da a da ko ɗan'uwansu ba za su ara wa masta ba, su ne yanzu ke tura kalmar sirri ta WhatsApp kamar gaisuwar Juma'a.

Idan mai karatu bai manta ba, a shekarar 2020, lokacin kullen korona, kasuwar finafinan Hausa ta tare a YouTube gaba ɗaya. A shekarar ce Lawan Ahmad ya fara sakin Izzar So a tashar Bakori TV, a shekarar ce kuma Labarina na Malam Aminu Saira ya fara fitowa, ana kallon sa a Arewa24 da kuma tashar Saira Movies. Daga nan kowa ya gane cewa ba sai da ɗan kasuwa ba. Mai waya mai kyamara da ɗan kuɗin data ma yana iya buɗe tasa tashar, ko a Fagge yake ko a Rabah.

To a nan gizo ke saƙar. A ɗauka wasu samari ne su biyar a Goronyo suka haɗa kai don yin wasan barkwanci da Sakkwatanci tsantsa. Ɗaya ya sayar da buhunan albasarsa ya zuba jari, shi ne furodusa. Ɗaya yana tsara labari yana ba da umarni. Biyu su ne 'yan wasa. Na biyar kuwa shi ne mai kwamfuta, yana karatu a cikin Sakkwato, shi ke tace hoto ya ɗora. Ranar da za a buɗe tasha babu wanda ya tsaya dogon tunani. Aka ce da mai kwamfuta, “Kai ka san kan abin, buɗe muna.” Ya buɗe da adireshinsa na Gmail, ya sa lambar wayarsa. Aka ci gaba da ɗaukar shiri a bakin madatsar ruwa da cikin gonakin tafarnuwa, kowa yana murna.

Muddin babu kuɗi, babu rigima. Sai ranar da tasha ta cika sharaɗin da YouTube ya gindaya tun 2018, wato mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin wata 12. Talla ta fara fitowa, kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallar dogayen bidiyo na mai tasha ne, kuma da zarar sun kai dala 100 sai AdSense ya turo su asusun bankin da aka rubuta. Asusun wa? Na mai kwamfuta. Nan ne za a fara jin furodusa yana kumfar baki: “Wanga yaro hwa, da kuɗɗina anka yi komi, yanzu shi ka hwaɗa min nawa anka samu!” Gaskiyarsa ce a idon jama'ar gari. Amma a idon YouTube, kamfanin bai san wanda ya sayar da albasa ba. Wanda ya sani shi ne mai adireshin da aka buɗe tashar da shi. In yaron ya yi fushi ya sauya kalmar sirri, sauran huɗun sun zama 'yan kallo a tashar da suka gina da guminsu. Ko gaban alƙali aka je, sai an sha wuya kafin a kawo shaidar da za ta gamsar.

Abin takaicin shi ne maganin wannan ciwo kyauta ne, kuma yana nan cikin YouTube Studio, a sashen saituna, inda aka tanadi wurin ba da izini. Tsarin kamar gidan Bahaushe yake: akwai baƙon da iyakarsa zaure, akwai wanda ke shiga har tsakar gida, akwai kuma mai riƙe da makullin rumbu. Mai tasha zai rubuta adireshin imel na abokin aikinsa, ya zaɓa masa matsayi, sai gayyata ta je masa. Shi kuma ya shiga da nasa adireshin da tasa kalmar sirrin, ba tare da ya taɓa sanin ta maigida ba.

Mafi girman matsayi bayan mai tasha shi ne manaja. Yana ɗora fim, yana gogewa, yana gayyato wasu ko ya sallame su, abin da kawai ba zai iya ba shi ne rushe tashar ɗungurungum. Wannan ba kujerar da za a ba mutum don kunya ko don surukuta ba ce. Ƙasa da shi akwai edita, wanda ke ɗora fim ya sake shi, ya gyara suna da hoton talla, amma ba ya iya goge fim ɗin da aka riga aka saki, ba ya kuma iya shigo da kowa. Akwai ma wani nau'in editan da aka rufe wa ido daga ganin kuɗin da ke shigowa. Sannan akwai mai dubawa kawai, wanda ke ganin alƙaluma amma ba ya taɓa komai. Wannan na ƙarshe shi ya fi dacewa da mai jari: ba ruwansa da tace hoto, amma ko wane wata yana gani da idonsa nawa aka samu, ba sai an faɗa masa ba. Rabin faɗan 'yan fim a kan YouTube da ya mutu tun a nan.

Sai dai wannan jeri ba ya sauya mai tasha. In ana son tashar ta zama ta ƙungiya, wadda za a iya miƙa ta daga hannu zuwa hannu, sai an ɗora ta a kan abin da Google ke kira Brand Account, inda mutum fiye da ɗaya ke iya zama mai ita, amma ɗaya ne babba. Kuma ba a naɗa sabon babba rana ɗaya: sai mutum ya yi kwana 7 a cikin jerin masu tashar kafin a iya miƙa masa ragamar. Kwana bakwan nan ba ƙaramar rahama ba ce ga wanda ke duba tasharsa a kai a kai, domin in ya ga baƙon suna ya shigo jerin, yana da sarari ya kore shi kafin aikin gama ya gama.

Duk wannan ƙofar mutane ce. Akwai wata ƙofar ta biyu wadda yawancin 'yan fim ba su ma san da ita ba, alhali kullum ana shige da fice ta cikinta. Ita ce ƙofar manhajoji, wadda masana kwamfuta ke taƙaita sunanta da API. Mai karatu ya ƙaddara wani babban kanti ne da ba a shiga cikinsa, sai dai a tsaya a taga. Ɗan aike ya zo da takarda daga maigida, mai kanti ya karanta, ya miƙo abin da takardar ta ce kawai. In an rubuta sukari, ba zai ba da shinkafa ba. To haka manhajoji ke magana da YouTube. Irin su vidIQ da TubeBuddy masu taya mutum nazarin masu kallo, ko StreamYard da ake shirin kai-tsaye da shi, duk 'yan aike ne masu tsayawa a wannan taga da sunan mai tasha.

Takardar kuwa mai tasha ne da kansa ke sa mata hannu, sau da yawa bai sani ba. Ita ce wannan shafin da kan fito da tambarin Google, da Turanci, yana cewa manhaja kaza tana neman izinin yin kaza da kaza, sai mutum ya yi sauri ya danna amincewa don ya wuce wurin. Tsarin ana kiran sa OAuth 2.0, kuma amfaninsa babba ne, domin manhajar ba ta ganin kalmar sirri ko kaɗan. Abin da ake ba ta tikiti ne mai iyaka. Wani tikitin na gani ne kawai. Wani na ɗora bidiyo ne. Wani na duba alƙaluman masu kallo, wani kuma har da na kuɗi. Akwai kuma babban, wanda ke ba manhaja damar gyara bidiyo, da goge shi har abada, da rubuta sharhi da sunan mai tasha. Saboda haka in manhajar da aikinta kawai ƙirga masu kallo ta zo tana neman izinin gogewa, to da walakin, goro a miya. Mai auna hatsi ba ya bukatar ashana a bakin rumbu.

Ga kuma wani abu da ya kamata kowane mai tasha ya rubuta a bangon ɗakinsa. Tikitin da ake ba manhaja iri biyu ne. Na farko ba ya wuce kamar awa ɗaya ya mutu. Na biyun shi ne mai dogon rai, wanda manhajar ke ajiyewa tana karɓo sabon na farko da shi duk lokacin da ta so, ko maigida yana barci. Shi wannan ba ya mutuwa sai an soke shi, ko kuma an yi wata shida ba a yi amfani da shi ba. Sauya kalmar sirri kaɗai ba lalle ne ya kashe tikitin da ya shafi YouTube ba. Ke nan furodusan da ya ɓata da yaronsa, ya sauya kalmar sirri ya koma ya miƙe ƙafa, wataƙila ya kulle ƙofar gaba ne ya bar taga a buɗe. Abin yi shi ne ya shiga asusunsa na Google, sashen tsaro, ya nemo jerin manhajojin da aka ba izini, ya cire duk wadda bai gane ba ko ya daina amfani da ita. A nan kusa kuma akwai jerin wayoyi da kwamfutocin da ke cikin asusun. Mutum zai sha mamakin ganin wayar da ya sayar bara tana nan daram.

Wani zai ce, tunda akwai wannan ƙofa, me zai hana a sa ɗalibin kimiyyar kwamfuta, irin waɗanda ake yayewa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya rubuta wa ƙungiya tata manhajar? Babu abin da ya hana, kuma abin sha'awa ne. Manhaja tana iya ɗora fitowa goma a jere, ta tsara ranar da kowace za ta fita, ta mayar da fim na kowa da kowa, ko na mai adireshinsa kaɗai, ko na sirri. Amma YouTube bai saki ragama ba. Kowace manhaja tana farawa ne da kason maki 10,000 a rana, kowane aiki da abin da yake ci. Kuma tun daga 28 ga Yuli, 2020, duk sabuwar manhajar da kamfanin bai tantance ba, bidiyon da ta ɗora a kulle yake zama, babu mai ganin sa sai mai tasha. Yaro zai yi ta rantsuwa ya ɗora fim, jama'a na cewa ba su gani ba, kuma duk gaskiya suke faɗi.

Abu ɗaya da ƙofar manhajoji ta gama-gari ba ta yi shi ne naɗa manaja ko tsige edita. Wannan sai mutum ya shiga da hannunsa. Haka nan wanda aka gayyato ta YouTube Studio ba ya iya haɗa wata manhaja da tashar ta wannan ƙofa. Daga nan ne ake komawa gidan jiya: edita ya kira waya ya ce, “Yallaɓai, turo min kalmar sirrin minti biyu kawai, zan haɗa wani abu.” Ba mugun nufi gare shi ba, aikin ne ya tsaya masa. Amma minti biyun nan su ne ke zama shekara biyu. Abin da ya fi shi ne maigida ya daure ya haɗa manhajar da kansa, yana karanta abin da take nema, ko da edita ne zai riƙa yi masa jagora ta waya.

Akwai kuma manyan 'yan aike, wato kamfanonin da ke zuwa wa mawaƙa da furodusoshi da alƙawarin kare masu haƙƙin mallaka. Su suna da wata taga ta daban, ta Content ID, na'urar da YouTube ya fito da ita a 2007 mai gane sauti da hoto a duk inda aka kwafa. Ba kowa ake ba ta ba, shi ya sa ƙananan masu tasha ke raɓawa da su. Da zarar an jona tasha a ƙarƙashin irin wannan kamfani, yana iya aiki a madadinta, kuma kuɗin talla ta hannunsa suke fara bi kafin su iso. Wasu suna riƙe amana, suna kuma ƙwato wa mawaƙi haƙƙinsa daga masu kwafar waƙarsa. Amma wanda ya tuna yadda aka kwashe tsakanin furodusoshi da 'yan kasuwar kaset ya san ba a sa hannu a takardar da ba a karanta ba. Kashi nawa za su cire, shekara nawa yarjejeniyar za ta yi, kuma ta yaya ake fita in an gaji? In babu amsar ta ukun a rubuce, gara a haƙura.

Kada kuma a ɗauka edita ba ya iya kashe tasha don ba shi da ikon gogewa. Ya isa ya ɗauko fassarar wani fim ɗin Indiya ya ɗora don a samu masu kallo. Masu fim su kai ƙara, a yi wa tasha gargaɗi. Gargaɗin haƙƙin mallaka yana ɗaukar kwana 90 kafin ya goge, kuma in uku suka haɗu, tasha tana iya tafiya da duk abin da ke cikinta. Aikin shekara uku, saboda Indiya-Hausa guda uku!

Ɓarayin waje su ma ba su zauna ba. A watan Oktoba na 2021 masu binciken tsaro na Google sun fitar da rahoto kan gungun masu aika wa masu tasha saƙon ƙarya, wai kamfani ne ke son ba su talla. Mutum ya buɗe fayil ɗin da aka turo, sai wata muguwar manhaja ta kwashe shaidar shigarsa daga kwamfuta, ɓarawo ya shige ba tare da ya nemi kalmar sirri ba. Rahoton ya ce ana sayar da tashoshin da aka sace daga dala 3 har zuwa dala 4,000, gwargwadon yawan mabiya. A watan Maris na 2023 irin wannan tarko ya kama Linus Tech Tips ta ƙasar Kanada, tashar da ke da mabiya sama da miliyan 15, wadda aikinta ma koyar da mutane fasahar kwamfuta ne. Wani ma'aikaci ne ya buɗe takardar tayin talla, kafin gari ya waye an sauya wa tashar suna zuwa Tesla ana damfarar mutane da hoton Elon Musk. Su sun samu tasu ta dawo cikin kamar kwana guda, saboda suna da murya. Samarin Goronyo masu mabiya dubu biyu fa, wa za su kira? Shi ya sa yawan masu babban matsayi a tasha yawan ƙofofin ɓarawo ne, domin kowace kwamfuta tasu hanya ce.

Sai kuma matsalar da ta fi shafar Rimawa fiye da mutanen Kano. Tun daga 1 ga Nuwamba, 2021, YouTube ya wajabta wa duk mai samun kuɗi da tasha ya kunna tabbaci mai hawa biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara da wata shaida, wadda sau da yawa lamba ce da ake turowa ta saƙon waya. Makonni kaɗan kafin nan, a watan Satumba na 2021, gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sanar da katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, ciki har da Goronyo da Rabah. Wanda ya ga wancan lokaci ya san yadda mutum kan yi doguwar tafiya don kawai ya samu sabis ya kira ɗan'uwansa. To a ce mai tasha yana gida babu sabis, edita yana birni da fim a hannu, lambar shiga kuma layin maigida take zuwa. Aiki ya tsaya cak. Da an ba editan nasa matsayin tun farko, da ya ɗora fim ɗinsa da nasa asusun, ko da maigida ya yi wata guda ba a ji ɗuriyarsa ba.

Layin waya ma kansa ba abin jingina ba ne ɗari bisa ɗari. Waya kan faɗa ruwa a fadama, a kan ƙwace ta a hanya, layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani kan karɓe ya sayar wa wani. In kuma da sunan wani aka yi rajistar layin, to ranar da ya ɓata mai sunan ne kaɗai zai iya zuwa a yi masa welkom-bak. Manhajar Google Authenticator tana fitar da lambar shiga ko babu sabis ko kaɗan, in dai an saita ta tun da wuri. Sannan a cikin sashen tsaron nan dai Google na ba da lambobin ko-ta-kwana guda 10, kowace mai alƙalami 8, kowace sau ɗaya ake amfani da ita. Ba a ɗaukar hotonsu a bari a cikin wayar da ake tsoron ɓatanta. A takarda ake kwafe su da biro, a naɗe a leda saboda damina da gara, a kai wa Inna ta jefa a ƙasan adakarta tare da takardun gona.